Takalmi Mai Ƙusa

Ranar Talata da hantsi, saura kwana biyu masu duba makarantu su zo, Hedimasta ya buɗe sito ya ɗaga murfin kwali, sai gabansa ya faɗi. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kira mataimakinsa shi ma ya ƙirga. Littattafan koyon karatu ashirin da takwas sun yi ɓatan dabo, sababbi fil, masu hatimin gwamnati, waɗanda wata bakwai ke nan suna kulle ko ƙuda bai sauka a kansu ba.

Kafin a buga ƙararrawar hutun safe labari ya gama unguwa. Ka san halin mutane, wanda bai taɓa leƙo makarantar nan don ya ga karatun ɗansa ba, ranar har da gudunsa. Suka cika bakin ƙofa, kowa da ɓarawonsa a baki, amma idanu duk a kan mutum ɗaya suke: Maigadi, wani tsoho dogo mai yawan tari, wanda ya shekara goma sha tara yana zaune a kan benci ɗaya.

Hedimasta ya share gumi ya ce, "Jibi da safe, ko littattafai ko ɓarawo. In babu ko ɗaya, kai zan miƙa wa 'yan sanda, Maigadi. Wallahi ba ni da yadda zan yi."

Maigadi ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Tela, wanda shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, ya ɗaga hannu ya ce, "Zato zunubi ne, jama'a. A kira Baba Mai Sawu."

Shi Baba Mai Sawu, shekara hamsin yana bin sawu. Akuyar da aka sace, keken da aka ɗauke, yaron da ya ɓata a kasuwa, duk shi ake kira. Ko harafi ɗaya bai sani ba, in aka kawo masa takarda sai ya juya ta sama da ƙasa ya miƙa wa 'yarsa. Amma ka nuna masa ƙasa, zai gaya maka wanda ya wuce namiji ne ko mace, da kaya ko hannu sake, cikin sauri ko cikin tunani. Abin da ya sa ake jin maganarsa kuwa guda ɗaya ne: bai taɓa yi wa sawu ƙarya ba, ko sawun wane ne. Ga shi Maigadi abokinsa ne tun suna yawo ba wando.

* * *

Da ya iso ƙofar sito ya ga yadda aka tattake wurin, sai ya riƙe baki.

"Kai jama'a! Neman ɓarawo kuka zo ko sussuka? Kowa ya ja baya. Malam, har da kai."

Ya tuɓe takalmansa ya shiga shi kaɗai. Kwaɗo lafiyarsa ƙalau, ba a fasa ba. Taga kuma saƙar gizo-gizo ta rufe ta ruf. A kan kantar ajiye kaya ga agogon bango sabo cikin ledarsa, ga ƙwallaye uku, ba wanda ya taɓa su. Ya zagaya bayan kwalaye inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya durƙusa, ya kwantar da kumatunsa kusa da ƙasa yadda haske zai faɗo a gicciye. Nan ya gan shi: sawun silifa ƙarami, na mace, kuma a tsakiyar na hagu akwai ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. Maɗaurin silifan ya taɓa tsinkewa, aka soke shi da ƙusa daga ƙasa. Sawun iri biyu ne, wani ƙura ta fara binne shi, wani bai fi sati uku ba. A gaban kowane kwali akwai shatin gwiwoyi biyu, alamar mai ɗaukar ta durƙusa ta zaɓa a natse.

Ya fito yana kaɗe riga. "Nawa aka ɗauka a kowane kwali?"

"Sha huɗu a na littafi na ɗaya, sha huɗu a na biyu," in ji Hedimasta.

Sha huɗu. Adadin ya taɓa wani abu a ran Baba, amma ya kasa tuna ko mene ne.

"To Malam, ni jahili ne, ka yi mini afuwa. Littafin karatu, me ya kai shi kulle wata bakwai?"

Hedimasta ya ja dogon numfashi. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cinye shi. Ya ce tun da aka kawo sabon tsarin gyaran makarantu, komai da makinsa. Ana duba kaya, in littafi ya yage a rage maki. Ana yi wa yara jarrabawa, in makaranta ta zo ƙasa a sauke shugabanta, a watsa malamanta. Har takalmi an tsara, kowane malami sai rufaffe a cikin aji.

"In na raba su, Baba, wata ɗaya yaran nan sun mai da su tsumma. Na ce a bari masu duba su gani tukuna."

"Makullin fa?"

"A ƙusa yake rataye a ofis. Malamin da ke da aikin mako shi ke ɗauka ya buɗe azuzuwa."

Baba ya dubi ƙafafun malamai mata shida da ke tsaye a baranda. Duk rufaffen takalmi, baƙi, kamar uwa ɗaya ta saya musu.

* * *

Ya sami Maigadi a kan bencinsa, ya zauna kusa da shi.

"Dogo, wa ka gani?"

"Idona ya tsufa, Mai Sawu."

"Idon da ke hango yaro yana haura katanga daga nan har bayan famfo?"

Maigadi ya kai hannu ya ja kunnensa na dama. Tun suna yara, in zai yi ƙarya sai ya ja kunnen nan, har uwarsa ta gane shi da haka. Baba ya ji zuciyarsa ta yi nauyi.

"Ka sani ke nan. Za ka kwana a hannun 'yan sanda da wannan tarin naka saboda wani?"

"Ni dai ban ga ɓarawo ba," in ji Maigadi, kuma wannan karon bai taɓa kunne ba.

Suna nan sai ga hayaniya. Wasu samari sun taso Mai Shago a gaba, wai an ga yana ƙunshe sukari a takarda mai rubutun makaranta. Baba ya karɓi takardar ya murza, ya shinshina. Ta yi ja, ta yi laushi, tana warin ɓera. Tela ya karanta ya ce tambayoyin jarrabawa ne na shekara shida da suka wuce, Mai Shago kuma ya rantse a bola ya tsince su. Ba a gama da shi ba wata mata ta ce ai Kafinta ya gyara tagar sito kwanan baya. Aka kira Kafinta, ya zo da fushinsa da zartonsa. Baba ya dubi ƙafarsa kawai ya yi dariya.

"Wannan ƙafa in ta shiga silifan da nake nema, ni ma zan shiga kwalba. Je ka abinka, ɗana."

Ranar ta ƙare ba a kama kowa ba, mutane suka watse suna cewa tsufa ya fara kama Mai Sawu.

* * *

Laraba ya yini yana zagaya makaranta, ba ƙusa ba alamarta. Sai bayan an tashi yara, rana ta karkata, ya bi ta bayan katanga inda ruwan famfo ke malala. A kan danshin nan ya gan shi, sabo, ko awa biyu bai yi ba: silifa ƙarami, ɗigo a ƙafar hagu.

Ya bi. Sawun bai nufi kasuwa ba, inda mai kayan sata zai nufa. Ya shiga lunguna, ya tsaya a wata ƙofa mai labulen buhu, ya shiga ya fito. Ya tsallaka kwata, ya tsaya a ƙofar mai wankin mota. Daga nan gidan mai faci, daga nan wani ɗaki a bayan injin niƙa. A kowace ƙofa akwai ƙananan sawu marasa takalmi da suka rugo suka tarye shi. Kuma duk ƙofar da aka wuce, sawun sai ya ƙara nutsewa, dugadugan suna ƙara shiga ƙasa. Mai tafiyar kaya take tarawa.

Baba yana tafe yana lanƙwasa yatsu. Tara. Goma. Sha ɗaya. A ta sha uku ya tsaya ya dafa bango, don ya ga inda sawun ya karya kwana. Lungunsu ne.

Sai a lokacin sha huɗun nan ta faɗo masa. Farkon zango makaranta ta aiko da takarda, 'yarsa ta karanta masa: yara goma sha huɗu ba su kai ba, su zauna a gida sai baɗi, kada su ja makaranta ƙasa a jarrabawa. Cikinsu har da jikarsa, marainiyar da ake kira Shiru, don in'ina ta sa ba ta son buɗe baki a gaban mutane. Ranar yarinyar ta ninke rigar makarantarta ta sa a ƙarƙashin matashi, ba ta yi kuka ba. Shi kuma, da bakinsa, ya ce, "Malamai sun fi mu sani." Ya ɗauki sandarsa ya tafi kasuwar dabbobi inda yake yini kullum.

A ƙofar gidansa ga ɗigon ƙusa nan birjik, na yau a kan na shekaranjiya, na shekaranjiya a kan na watan jiya. Wata da watanni yana taka shi safe da yamma. Mai bin sawun gari guda, bai taɓa duba ƙofar gidansa ba. Kunya ta kama shi har ya ji kamar ya koma.

Daga tsakar gida ya ji wata ƙaramar murya. "Ka-ka... Kaka ya d-dawo daga g-gona. Ya kawo m-mini..."

Ya leƙa. Shiru ce a kan tabarma, yatsanta a kan shafi. Kusa da ita wata matashiya siririya ta durƙusa, ga buhu cike a gefenta. A bakin tabarma silifa biyu. Baba ya sunkuya ya kifar da na hagu, kan ƙusa ya yi ƙyalli.

'Yarsa ta fito daga ɗaki da sauri tana goge hannu. "Baba, Malamar aji uku ce. Litinin da Laraba take zuwa in an tashi. Mun ɓoye maka ne don mun san ba ka iya rufe gaskiya."

Malamar ta miƙe. "Baba, ni ce. Makon da nake da makulli na ɗauka. Da suka gama na ɗaya na koma na ɗauko na biyu. Sau uku na roƙi Hedimasta ya ce a bari sai an duba. Maigadi ya gan ni, ya kau da kai." Hawaye suka zubo mata. "Jiya ya kamata in yi magana, tsoro ya hana ni. Aikin nan da shi nake riƙe mahaifiyata. Amma ban runtsa ba. Yau na bi na karɓe su, gobe zan mayar in faɗi gaskiya. Nan ne gida na ƙarshe, sai Shiru ta ce in bari ta ƙarasa shafi ɗaya."

Shiru ta rungume littafin a ƙirji tana kallon kakanta. Baba ya zauna a kan turmi. In ya yi shiru, Dogo zai tafi hannun 'yan sanda. In ya faɗi suna ya tsaya nan, an kori yarinyar da ta buɗe bakin jikarsa, a mayar da littattafai cikin kwali, a mayar da yara sha huɗu inda aka jefar da su.

"Amaryata," ya ce wa jikar, "ashe karatu kike yi a bayan idona? Ƙarasa in ji."

Ta ƙarasa. Ta yi tuntuɓe sau biyar, ba ta tsaya ba. Baba ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Sannan ya miƙe ya saɓa buhun a kafaɗa. "'Yata, ba a kwali za su koma ba. Kowane littafi gidan da ya fito zai koma, gobe mai shi ya kawo shi da hannunsa. Taho, na san ƙofofin."

Haka mutanen unguwa suka ga Baba Mai Sawu da yammacin nan, yana rarraba kayan sata gida-gida.

* * *

Alhamis da sassafe aka taru a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ofis: Hedimasta da mataimakinsa, Tela, malamai, Kafinta, Mai Shago, da iyaye. Maigadi ya zo da 'yar jakarsa ya sa maganin tari a ciki, ya shirya tafiya.

Baba ya dogara sandarsa. "Kafinta ba ruwansa, gizo-gizo ya shaide shi. Mai Shago laifinsa ɗaya, yana zuba wa mutane sukari a takardar bola." Aka yi dariya. "Dogo kuma ko hannu bai sa ba. Ajiye jakar nan, kai."

"To wane ne?" in ji Hedimasta.

"Sawu ya kai ni gida goma sha huɗu, Malam. Na ƙarshe nawa ne. In wanda aka samu kaya a hannunsa za a kama, a fara da ni."

Ya ɗaga sanda ya yi alama. Yara suka shigo ta ƙofa a jere, su goma sha huɗu, cikin rigunan makarantar da suka fara yi musu kaɗan, kowanne da littafi biyu a ƙirji. Malamar aji uku ta fito daga layin malamai ta tsaya a gabansu.

"Ni na ɗauka, ranka ya daɗe, ba da izininka ba. Na yi laifi, kuma na bar wannan bawan Allah cikin zargi kwana biyu. Maigadi, ka yafe mini."

"Ni me na gani?" in ji Maigadi, yana jan kunne.

Hedimasta ya karɓi littafi ɗaya daga hannun ɗan mai faci. Bangon ya lanƙwashe, ga shatin yatsu, ga ɗigon baƙin mai. "Kin ga abin da nake gudu? Dubi yadda suka mai da shi!"

Baba ya ce, "Malam, ni ban san rubutu ba, amma na san sawu. Wancan na cikin kwali hanya ce da ba wanda ya bi. Wannan an bi shi, tun daga farko har ƙarshe. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ranar da takardarka ta zo, ni ma cewa na yi malamai sun fi mu sani, na tafi harkata. Laifi tudu ne, na taka nawa." Ya juya. "Amaryata, zo."

Shiru ta fito. Ta dubi taron, bakinta ya buɗe ya rufe, ba abin da ya fito. Wani ya yi tari. Malamar ta durƙusa kusa da ita ta ɗora mata yatsa a kan layin farko, ta janye hannunta. Sai muryar ta fito, siririya, tana tuntuɓe tana tashi, har ƙarshen shafi. Wata uwa a baya ta fashe da kuka.

Ana cikin haka aka ji ƙugin motar masu duba makarantu a bakin titi. Mataimaki ya matso da sauri ya rage murya, amma kowa ya ji. "Ranka ya daɗe, a fitar da su ta ƙofar baya. Littattafan a cusa su a ƙasan kwali, ba mai lura."

Hedimasta ya daɗe yana kallon littafin da ke hannunsa. Ya dubi Shiru, ya dubi ƙofa. Sannan ya miƙa wa ɗan mai faci littafinsa.

"Su shiga aji. A kawo mini rajista in mayar da sunayensu." Ya juya ga Malamar. "Za mu faɗi, kin sani."

"Wataƙila, ranka ya daɗe."

"Ba wataƙila. Je ki buɗe sito, a raba sauran."

* * *

Sun faɗi kuwa. Makarantar ta zo ta biyu daga ƙasa, don wata huɗu na karatun tsakar gida ba ya cike ramin shekaru. Aka sauke Hedimasta ya koma riƙe aji, kuma an ce aji shida ba su taɓa samun malamin lissafi kamarsa ba. Malamar aka ba ta takardar gargaɗi, ƙarshen zango aka mayar da ita wata makaranta mai nisa, ta tafi da mahaifiyarta. Maigadi yana nan a kan bencinsa da tarinsa. Yara sha huɗun ba wanda ya sake cewa su zauna a gida.

Sati guda bayan tafiyar Malamar aka yi ruwa, ya wanke ɗigon ƙusa daga ƙofar gidan Baba. Da yamma ya fito ya tsaya yana duban wurin, ransa ba daɗi. Sai ya ga Shiru a tsugune a kan danshin, da tsinke a hannu, ta zana wasu layuka huɗu.

Ya sunkuya, ya karkata kai yadda haske zai faɗo a gicciye. Ba na kaza ba ne, ba na ƙadangare ba.

"Amaryata, wannan sawun mene ne? Ya fi ƙarfina."

"N-naka ne. An rubuta Kaka."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"To daga ina ya taso?"

Ta kama babban yatsansa mai kaushi da hannayenta biyu, ta ɗora shi a kan harafin farko.

"Daga n-nan, Kaka. Bi a hankali, kada ka t-tattake."